Harshen da Na Koya a Titunan Alƙahira

Safiyar farko da na wayi gari a Alƙahira, yunwa ce ta fitar da ni daga ɗaki tun rana ba ta yi zafi ba. A bakin layinmu, a Unguwa ta Goma ta Madinatu Nasar, wadda mutanen gari suke kira Hayyil Ashir, na tarar da wani amalanke mai fenti ja da kore, an kishingiɗar da wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe mai siririn wuya a kansa, maza kuma sun kewaye shi a tsaitsaye, kowa da ɗan kwanonsa da burodinsa da yankan albasa. Tun a kan matakalar bene na shirya jimlar da zan faɗa, na tabbatar da fa'ilinta da maf'ulinta, saboda haka da layi ya zo kaina sai na yi cikakkiyar sallama, na ce wa mai abincin, cikin Larabcin littafi, ina son sayen abin karin kumallo, ban zubar da wasali ko ɗaya na ƙarshen kalma ba. Mutumin ya dakata da ludayi a hannu, ya dube ni, ya ce, "Sadaƙallahul azim," wato abin da ake faɗa idan mai karatu ya rufe Alƙur'ani. Ba wulaƙanci ya nufa ba, domin ya cika mini kwano da dafaffen waken nan da suke kira ful, ya zuba mai da lemon tsami, sannan ya sassauta murya kamar mai biya wa yaro allo, ya ce, "Ul: ayiz ful." Ma'ana, ka ce ina son ful.

Na zo Masar ne bayan na shafe shekaru ina karatun nahawu da sarfu, da nufin in zauna shekara biyu a wata cibiyar koyar da Larabci ga waɗanda ba Larabawa ba. Ina iya warware i'irabin baitin waƙa, amma a makon farko ban fahimci ko kashi ɗaya cikin goma na abin da ake faɗa a gabana ba. Mutanen Alƙahira sun haɗiye harafin ƙaf gaba ɗaya, sai wata 'yar tsayawa a maƙogwaro ta maye gurbinsa, shi ya sa ƙul ya zama ul, ƙalb ya zama alb, ƙahwa ta zama ahwa. Jim kuwa a bakinsu ga ce, jamil ya koma gamil, jami'a ta koma gam'a. Ba su cewa al'ana sai dilwa'ti, ba su cewa aina sai fen, kuma suna ajiye kalmar tambaya a ƙarshen magana, su ce rayih fen, ina za ka. Wuri ɗaya da kunnena ya sami sauƙi shi ne ƙidaya, domin ukun da littafi ya ce salasa da harshe tsakanin haƙora, su talata suke cewa, daidai da yadda muke kiran ranar Talata.

Ɗaliban da suka riga ni zuwa sun yi mini nasiha tun a daren farko, cewa in kiyayi ammiyya, wato Larabcin kan titi, kada ta ɓata mini harshe. Na karɓi wannan nasiha hannu bibbiyu, domin ta yi daidai da abin da ke raina: ina ganin abin da ake yi a titi karyayyen Larabci ne na waɗanda ba su yi karatu ba. Wata uku na yi a haka. Da safe ina aji tare da 'yan Indunusiya da Maleshiya da Turkiyya da Rasha, muna yi wa juna fusha, wato Larabcin littafi, mai tsabta, da yamma in koma cikin 'yan'uwa mu yi hirarmu da harshenmu, idan kuma sayayya ta kama sai in nuna da yatsa in miƙa kuɗi. Na ga waɗanda suka yi shekara biyar a wannan hali, suna da ilimi mai yawa, amma ba su da aboki ko ɗaya ɗan gari, kuma duk labarin da suke bayarwa game da Misirawa labarin cuta ne da tsadar haya. A lokacin ban gane cewa wanda ba ya jin maganar mutane, abin da suka yi masa kawai yake gani ba, ba ya sanin abin da suke nufi.

Abin da ya sauya mini tunani a Masallacin Azhar ya faru. Fatimiyyawa ne suka fara gina shi a 970, shekara ɗaya bayan kafa birnin, aka fara salla a ciki a 972, kuma har yau ana zaman karatu a zaurukansa, duk wanda ya so ya zauna ba tare da an tambaye shi takarda ba. A cikin zaurukan nan har da wanda tun da can aka keɓe wa ɗaliban Barno. Na zauna a bayan wata halƙa inda wani dattijon malami mai jar hula da farin rawani yake karantar da nahawu. Ya karanta matanin da fusha wadda ban taɓa jin mai daɗinta ba, ya kawo saɓanin malaman nahawu na Basra da na Kufa, sai ya lura fuskokin ɗalibai sun yi nauyi, nan take ya rufe littafin a kan yatsansa ya ce, "Ya'ni eh il-kalam da?", wato me wannan magana take nufi. Daga nan ya shiga bayani da irin harshen mai ful, da misalin mace da surukarta da na mai sayar da kankana, ɗalibai suna dariya suna gyaɗa kai, sannan ya koma matani kamar bai taɓa barinsa ba. Na fito ta Darbul Atrak, lungun masu sayar da littattafai da ke bayan masallacin, ina ta juya abin a zuciyata. Idan mutumin da ya fi ni sanin fusha nesa ba kusa ba bai ji kunyar ammiyya ba, ni da na zo jiya ba ni da hujjar ɗaga mata hanci.

Malamina na farko a wannan sabon karatu shi ne mai gadin benenmu. Kusan kowane dogon gida a Alƙahira yana da irinsa, ana ce masa bawwab, yana zaune da iyalinsa a wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin matakala, yana share tsakar gida, yana wanke motoci, ana aikensa, kuma ya san shigar kowa da fitarsa. Namu mutumin Suhaj ne a kudancin ƙasar, yankin da suke kira Sa'id, dogo mai faffaɗar jallabiya da rawani, wanda ba ya rabuwa da wani benci na katako a bakin ƙofa. Ina ce masa ya Amm, wato baffa, shi kuma yana ce mini ya Shekh, domin a wurinsa duk baƙin da ya zo karatu almajirin Azhar ne. Na fara zama a gefen bencin bayan la'asar da ɗan littafin rubutu a aljihu, shi kuma ya riƙa dafa mana shayin mutanen kudu, baƙi ƙirin, wanda aka tafasa har ya yi ɗaci sannan aka kashe ɗacin da sukari. A bakinsa na gano cewa ammiyyar ma ba ɗaya ba ce: kalmar da malamin aji yake cewa ƙul, mai ful ya ce ul, shi gul yake cewa, kuma yana alfahari da cewa nasu ya fi kusa da na Larabawan asali.

Shi ya koya mini gaisuwa, wadda a can tamkar gasa ce ta kyautatawa. Idan ka ce sabahil kher, safiyar alheri, za a amsa maka da sabahin nur, safiyar haske, wani ya ƙara da safiyar wardi, wani ya ce safiyar full, wani farin fure mai ƙamshi da yara suke sayarwa a sarƙe a mahaɗar tituna. Tsakanin full na fure da ful na wake babu komai sai ja da nauyin harafi, abin da yake wahalar da Turawan ajinmu, amma kunnen Bahaushe ya saba da irin wannan bambanci tun daga gida. Shi ya fassara mini muryoyin da nake ji daga hawa na biyar ban san ma'anarsu ba. Mai buga sifana a jikin ƙarfe tun daga farkon layi, mai sayar da tukunyar gas ne. Mai jan murya yana cewa "bikya" daga kan keken jaki, mai sayen tsofaffin kaya ne, kalmar kuma guntuwar robabikya ce, wadda aka aro daga Italiyanci. Mai kaɗa 'yan faya-fayan tagulla biyu a hannu ɗaya, da ƙaton tulu a rataye a ƙirji, mai sayar da wani baƙin abin sha ne mai zaƙi-zaƙi da ake kira irƙsus. Matan benen ba su sauka domin waɗannan: kwando suke zurowa da igiya daga baranda da kuɗi a ciki, a zuba musu tumatir ko burodi su janye, ciniki kuma a yi shi da ƙarfin murya tsakanin hawa na shida da ƙasa, unguwa duka tana ji.

Makaranta ta biyu ita ce ƙaramar bas. Alƙahira da kewayenta sun haura mutum miliyan 20, kuma ko da yake suna da jirgin ƙarƙashin ƙasa tun 1987, na farko a Afirka, da taragu na musamman domin mata a tsakiyarsa, yawancin zirga-zirgar unguwarmu a fararen ƙananan bas ake yin ta. Ba su da lamba, ba su da allon da ke nuna inda za su, kuma ba su cika tsayawa cak ba. Mai jira a bakin titi da hannu yake magana: idan ya ɗaga yatsu biyu a buɗe, Unguwa ta Bakwai za shi, domin haka lambar bakwai take a rubutun Larabci, idan ya kifar da su ƙasa ta Takwas yake nufi, idan ya juya yatsa a iska yana zana da'ira, babban titin da ya kewaye birnin yake nema. Direba ya amsa da fitila ko da kaɗa kai, ya rage gudu, kai kuma ka kama ƙofa ka shige.

Abin da ya fi burge ni a cikin motar shi ne yadda ake biyan kuɗi. Galibi babu yaron mota. Na baya ya taɓa kafaɗar na gabansa ya miƙa masa takardar kuɗi, ya ce wahid min ashara, mutum ɗaya daga cikin goma, kuɗin ya bi hannu-hannu har ya isa ga wanda ke zaune bayan direba, shi kuma ya tattara na kowa, ya yi lissafi, ya mayar da canji ta hanyar da kuɗin ya biyo, ba tare da kowa ya san kowa ba. Watanni na yi ina guje wa wannan kujera. Ranar da na sami kaina a kanta babu zaɓi, kuɗi suka fara zubo mini ta kan kafaɗa, kowa yana faɗin nasa da sauri, wata tsohuwa tana neman canjinta, direba yana tambaya ko ugra ta cika, wato kuɗin mota. Na tattara hankalina, na maimaita wa kowa abin da ya ba ni da babbar murya, na raba canjin, na miƙa wa direba sauran, ya ƙirga da hannu ɗaya yana tuƙi da ɗayan, ya ce tamam. Da muka kusa inda zan sauka na ce, "Ala gamb ya usta," a gefe, ya mai sana'a, kuma babu wanda ya waiwayo ya dube ni. Ban taɓa jin daɗin wani sakamakon jarrabawa kamar yadda na ji daɗin rashin waiwayen nan ba.

Kiran mutum da laƙabin da ya dace da shi wani fanni ne mai zaman kansa. Direba da makaniki usta ne, mai shago ko mahauci mu'allim, dattijo hagg ko ya je Makka ko bai je ba, mai tabarau da jaka duktur ko bashmuhandis, wato babban injiniya. An soke sarautun basha da be bayan juyin mulkin 1952, amma kalmomin sun sauko titi, yau mai sayar da rake ma yana iya ce maka ya basha. Haka nan akwai maganganun da ba a ɗaukar su a kan fuskarsu. Idan ka zo biya mai shago ya ce khalli, bar shi kawai, ba kyauta ya ba ka ba, girmamawa ce, abin da ake jira shi ne ka yi masa addu'a, ka ce rabbina yikhallik, sannan ka biya. Su da kansu suna da suna ga irin wannan tayi, suna ce masa gayyatar masu jirgin ruwa, domin wanda ke tsakiyar Nilu idan ya ce wa na bakin gaɓa bismilla, ya san ba zai iya zuwa ba. Da farko na ɗauki wannan a matsayin rashin gaskiya. Daga baya na fahimci cewa a garin da mutane suka yi yawa haka, kuma abin hannu ya yi kaɗan, da irin waɗannan kalmomi ake rufa wa juna asiri a rabu cikin mutunci.

Babu kalmar da ta nuna mini zuciyar mutanen nan kamar sunan da suke kiran burodi. Sauran Larabawa da yawa khubz suke cewa, su kuwa esh suke ce masa, wato rayuwa. Da asuba za ka ga samari a kan keke suna ratsa tsakanin motoci da wani dogon faifai na ƙiraren dabino a ka, an jera burodi a kai hawa biyu, hannu ɗaya a kan faifan, ɗaya a kan keke. Idan guntunsa ya faɗi a ƙasa, mai wucewa yakan ɗauka ya ajiye a gindin bango don kada a taka. Lokacin da gwamnatin Shugaba Sadat ta yi yunƙurin janye tallafin abinci a Janairun 1977, tarzomar da ta ɓarke ta sa aka janye matakin cikin kwana biyu, kuma a 2011 kalmar farko a taken masu zanga-zanga ita ce esh, kafin 'yanci da adalci. Burodin tallafi ya zauna a kan ƙirshi 5 (ƙirshi ɗari ne fam ɗaya na Masar) fiye da shekara talatin, sai a Yunin 2024 aka mayar da shi ƙirshi 20. Baƙo irina ba shi da katin tallafi, na kasuwa nake saye, amma na sha tsayawa kusa da layin gidan burodi don kawai in saurari hirar mata, domin a nan ake jin ainihin halin da gari yake ciki.

Jin harshe yana da nasa ciwon. A watannin farko yara sukan yi mini ihu a hanya, in ɗaga musu hannu ina tsammanin gaisuwa ce. Da kunnena ya buɗe sai na gane cewa wasunsu launin fatata suke tsokana, suna cewa samara ko shikolata, wani lokaci kuma ba yara ba ne, samari ne masu hankalinsu. Abin ya yi mini zafi ƙwarai, kuma na san ɗalibai mata da 'yan Sudan da ke unguwarmu sun fi ni shan wannan. Ba zan rufe wannan aibi ba don ina ƙaunar garin. Sai dai harshen da ya jiyar da ni zagin shi ne ya ba ni bakin ramawa da mutunci. Wata rana a gaban wani gidan shayi wani saurayi ya jefe ni da irin kalmar nan, na tsaya na ce masa cikin ammiyya, ni baƙonku ne, haka ake yi wa baƙo a gidanku? Kafin ya buɗe baki mai gidan shayin ya taso yana cewa eb, abin kunya, dattawan da ke buga domino suka sa baki, aka sa shi ya ba ni haƙuri, aka kuma zaunar da ni aka kawo shayi. Wannan gidan shayin ya zama wurin zamana har na bar ƙasar, a nan na koyi cewa kofi mazbut shi ne mai sukari daidai, na kuma koyi cewa ba a tsoma baki a gardamar Ahli da Zamalik, manyan ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na garin, sai an shirya kwana a wurin.

Azumi ya zo mini sau biyu a can. Ana rataye fitilu masu launi a kowane lungu, masu hali suna jera tebura a kan titi domin duk mai wucewa ya sha ruwa, abin da suke kira teburin Mai Rahama, kuma dab da magariba birnin da ba ya shiru sai ya yi tsit, samari suna tsaye a mahaɗa suna cusa wa direbobin da suka makara dabino ta taga. Kafin asuba mai ganga yana bi layi-layi yana kiran yaran unguwa da sunayensu.

Ana saura 'yan makonni in tafi, na sauko da yamma na tarar da mai gadinmu a kan bencinsa da wata takarda a hannu, yana juya ta. Daga wani ofishin gwamnati aka aiko masa game da wani ɗan fili da mahaifinsa ya bari a ƙauye, shi kuma karatunsa bai wuce haɗa baƙi ba, kuma ba ya so mutanen benen su san sirrinsa. Ya matsa mini wuri ya ce, "Igra li, ya Shekh," karanta mini. Takardar da fusha aka rubuta ta, irin ta ma'aikata, mai dogayen jimloli da kalmomin shari'a, wadda shekarun nahawuna suka shirya ni dominta. Na karanta sakin layi na farko a bayyane kamar yadda yake, ya yi shiru yana kallon bakina, sannan na ajiye takardar a gwiwa na ce masa ya'ni, na mayar masa da ita cikin harshen da ya koya mini a kan wannan benci: suna so ka je da kanka kafin ƙarshen wata, ka tafi da takardar gado da katin shaidarka, kuma filin yana nan, ba wanda ya taɓa shi. Ya sauke ajiyar zuciya, ya kira matarsa daga ɗakin ƙarƙashin matakala domin ita ma ta ji, ya ɗora butar shayi a wuta, sannan ya nuna takardar da haɓa ya ce, "Gul tani." Na ɗauko ta na sake farawa daga layin farko.